Ranar da Aka Wasa Wuƙar Afra'u

Kujerar baya a motar Ajingi zuwa Gaya ba wurin mai mutunci ba ce, shi ya sa kullum ni ake turawa can. Ranar kasuwa ce, ga Babbar Sallah ta matso, to ka san yadda lodi yake. Aka cusa ni lungu jikin tagar da ba ta buɗuwa, aka jera buhunan gyaɗa a hanyar fita har suka kusa taɓo rufi, aka tura raguna a but kawunansu suka leƙo ta saman kafaɗata, sannan kwandasta ya ja igiya ya tamke but ɗin kamar ba za a sake buɗewa ba. A cinyata ga robar man shanu da Inna Baiwa, mahaifiyarmu, ta ce in kai wa yayata Ummu Salma da ke aure a Gaya.

Ni kuwa bakina ba ya iya zaman banza. Tun a tasha na gaya wa direba motarsa ta yi sa'ar kakata, kuma kakar tawa ta fi ta gudu. Muna fita gari na ɗaga murya na ce akwai mai sauka. Ya taka birki, kowa ya yi gaba ya dawo, sai na ce a yi haƙuri, ragon nan ne ya raɗa mini, amma ya fasa. Mota ta ɗauki dariya. Direba ya kalle ni ta madubi ya ce ko haihuwa zan yi ba zai ƙara tsaya mini ba sai Gaya.

Wanda aka matse ni da shi Baba Isyaku ne mai washin wuƙa. Mutumin Gaya ne, duk ranar kasuwa yake zuwa Ajingi da injinsa mai feda, wanda a lokacin yake ɗaure a saman motar. In layya ta gabato ba shi da lokacin sosa kai, don kowane gida sai an tattaro duk wani ƙarfe mai baki an zuba a buhu an kai masa, daga wuƙar yankan rago har ta ferar doya. A wajenmu abin kunya ne maƙwabta su shigo aikin nama a miƙa musu wuƙar da ba ta ci. Na fara tsokanarsa, na ce da wannan babban yatsan nasa da washi ya cinye ko hukuma ba za ta iya ɗaukar zanensa ba. Ya yi murmushi ya ce in bi shi a hankali, yau ma gidanmu ya yi wa aiki. Bappa ne da kansa ya kawo buhun da safe, ya tsaya a kansa har ya gama, ya ce zai mayar gida kafin ya wuce kara neman rago.

Bappa ƙanin mahaifinmu ne, shi ke riƙe da gidan tun da Baba ya rasu. Mutum ne da zai yi maka alheri ya wuce bai ce uffan ba, sai dai ka gani.

Baba Isyaku ya ce a cikin wuƙaƙen akwai wata da ta ba shi aiki. 'Yar gajera, ƙotarta koriya mai taushi kamar roba, kanta a dunƙule babu tsini, bakinta kuma wasu haƙora ne dakusassu. Ya ce ƙarfen mai kyau ne, amma wanda ya ƙera ta bai ƙarasa aikinsa ba. Bappa ya gaya masa jikarsa ake bai wa ita, yana ganin yarinyar tana ta fama da albasa kamar mai yanka ice da zarto, tausayi take ba shi, a gyara mata.

"Sai da na share haƙoran nan tas," in ji Baba Isyaku, yana nuna mini bayan hannunsa inda gashi ya aske. "Ga inda na gwada ta. Yanzu kam ta zama wuƙa."

Dariyar da ke bakina ban san inda ta shige ba.

Wuƙar ta Afra'u ce, 'yar Yaya Ummu, wadda ba ta wuce aji uku a firamare ba. Wuƙar yara ce ta koyon girki, uwarta ta sayo mata a Kano tare da wani ɗan katakon yanka. Da gangan aka yi ta haka. Tana cin tumatur da albasa da kuɓewa in an goga ta gaba da baya a kan katako, amma ba ta huda fata. Yaya Ummu ba don gayu ta saye ta ba. A gidanmu a hannu ake yanka, a iska, kayan miya a hagu wuƙa a dama, kaifin yana saukowa yana tsayawa a kan babban yatsa. Haka Inna ta koya, haka ta koya wa 'ya'yanta, kuma ita ko ido rufe sai ta yanka kwandon alayyafo. Amma Yaya Ummu tana ƙarama wuƙa ta zarce mata wajen yankan kuɓewa, har yau manuninta na hagu ba ya lanƙwasuwa sosai. Shi ya sa da Afra'u ta fara naci a kan girki, ta ce 'yarta ba za ta je hutu Ajingi ba, don ta san kwana ɗaya Inna za ta damƙa mata wuƙar kicin. Hutun da ya wuce ba ta kawo ta ba. Inna ba ta yi faɗa ba, sai dai in Yaya ta kira ta amsa gaisuwa a taƙaice ta miƙo mini wayar.

Ni na shiga tsakani, ni da iya tsara zance. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Gaya da Ajingi har aka daidaita. Afra'u za ta zo, amma wuƙarta kaɗai za ta taɓa, a kan katako, yatsu a dunƙule kamar ƙafar kyanwa. Inna ta ce ta ji, ita dai ba ruwanta da wannan cokalin da ake kira wuƙa, ko taɓa ta ba za ta yi ba. Yaya Ummu ta kalle ni ta ce a hannuna ta bar yarinyar. Na buga ƙirji.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi, don ko an wasa, mai yanka a kan katako da yatsu a dunƙule tana iya tsira. Matsalar ni ne. Ranar da Afra'u ta iso, Inna ta ce wuƙa ai wuƙa ce, ko ta wasa ce sai ta ci nama. Ni kuma don in ƙaryata ta, kuma don a yi dariya, na karɓi wuƙar na tsaya tsakar gida na yi irin na 'yan tauri. Na buɗe tafin hannu, na danna, na ja da ƙarfi ina kirari ina zare ido. Ko ja bai yi ba. Afra'u ta yi dariya har da faɗuwa, ta karɓa ta yi a nata hannun. Daga ranar ya zama wasanta. Duk wanda ya shigo gidan sai ta ce ya tsaya ya ga 'yar tauri. Uwarta ba ta san da wannan ba.

Kuma da safiyar ranar, kafin in fito, ta tare ni a zaure ta ce Kawu Sharfu kada in daɗe a Gaya. Inna ta ba ta ƙaramar tukunya, ta gayyato yaran layinmu bayan la'asar za su yi dafa-duka. Amma kafin a ɗora girki sai ta yi musu tauri tukuna, har ta samo wadda za ta buga mata bokiti.

Na leƙa sama ta gilashin da ya yi datti. Hadari ya haɗo, rana ta ɓuya, amma ko ba rana na san la'asar ta kusa.

Da ƙyar na zaro waya daga aljihu, don gwiwar Baba Isyaku na kan cinyata. Na kira Inna, aka ce a kashe take. Ban ma gama sauraro ba na tuna ni na kai wayar wajen mai caji da safe, katin karɓowar yana aljihuna. Na kira Bappa. Tana ta ƙara ba a ɗauka. Bappa a kara, ana gab da Sallah, waya a aljihun ciki ƙarƙashin babbar riga, ko a kunnensa aka ɗaura ta ba zai ji ba. Na kira na sake kira. Na kira abokina Mus'ab in ce ya ruga gidanmu, ya ce shi yana bayan mota da raguna sun doshi Kano, kuma in wani sabon iya shege ne in ajiye masa sai ya dawo.

Sai na ɗaga murya na ce direba ya taimaka ya tsaya, akwai matsala a gida.

Mota ta sake ɗaukar dariya. Wani a gaba ya ce ragon ne ya ƙara raɗa mini? Na ce wallahi da gaske nake. Wata mata ta ce ai ɗazu ma da gaske nake. Na rantse, na ƙara rantsewa, kuma duk rantsuwar da na yi sai ta fito da irin muryar da nake tsokana da ita, don ba ni da wata. Na ji kaina ina magana kamar mai kwaikwayon mai neman taimako. Direba ko madubi bai kalla ba.

Baba Isyaku ne ya lura ina ta sake kiran lamba ɗaya a waya. Ya tambaye ni a hankali, na gaya masa a gurguje. Fuskarsa ta canza. Ya ce shi fa cewa aka yi ya wasa, bai san akwai wuƙar da ake so ba ta ci ba. Na ce na sani, Baba. Ya ɗaga murya ya kira direba da sunan babansa, ya ce yaron nan ba wasa yake ba, ya faɗi abin da ke faruwa.

Direba ya rage gudu, kuma don Allah bai yi mini wulaƙanci ba. Ya ce in duba da kaina. Kafin a fitar da ni sai an sauke buhunan nan kaf ko a kwance but a fito da raguna a tsakiyar titi. Yayyafi ya riga ya fara. Duk motar da ke kan hanyar nan daga kasuwa take, Gaya ta nufa, babu mai komawa Ajingi yanzu, 'yan acaɓa kuma sun shige rumfuna. Ya ce ko ya sauke ni, a ƙafa zan koma? Gara mu isa Gaya in juyo da motar farko. Gaskiya ya faɗa. Kuma in na bi gaskiyar tasa, sai an gama komai zan iso.

Mutum ɗaya ce za ta iya shiga gidanmu cikin ƙiftawar ido, Hussaina, maƙwabciyarmu da katanga kawai ta raba mu. Ba ta zuwa kasuwa, wayarta kullum na hannunta. Amma matar aure ce, me zan yi da lambarta? Na tambayi 'yan motar, ba wanda ya san ta. Wadda take da lambar ita ce ƙawarta tun suna yara, wato Yaya Ummu.

Na zauna da wayar a hannu ina kallon sunan. Ƙwaƙwalwata, da yake ta saba, nan take ta fara kawo mini dabaru. In ce Inna ce ke son magana da Hussaina. In ce saƙo zan bari. In ce wani ne ke neman lambar mijinta. Amma na san yayata. Sai ta tambayi wane saƙo, me ya sami wayar Inna, me ya sa muryata haka, kuma kafin in gama ginin ƙaryar lokaci ya tafi. In kuma na faɗi gaskiya, duk zirga-zirgar da na yi ta rushe. Za ta ɗauke 'yarta, Inna za ta koma amsa gaisuwa a taƙaice, Bappa kuma zai ji cewa alherinsa ne ya jawo. Na ce wa kaina wataƙila Afra'u ta lura bakin ya canza. Wataƙila ruwan ya hana yaran zuwa. Wataƙila Inna ta ɗauki wuƙar ta ji kaifinta. Sai na tuna Inna ta yi alkawarin ba za ta taɓa ta ba, kuma ita ba ta saɓa magana.

Muka ratsa wani ƙauye, na ji ladan ya ɗaga murya daga wani ɗan masallaci a bakin titi.

Na danna sunan Yaya. Ta ɗauka da fara'a tana tambaya ko na iso ne, ta ajiye mini abinci.

"Yaya, ki saurare ni kada ki katse ni. Ki kira Hussaina yanzu ta shiga gidanmu ta karɓe wuƙar Afra'u daga hannunta. An wasa ta."

"An wasa me?"

"Bappa ya haɗa ta da na layya. Tana aski yanzu. Kuma Afra'u ba ta sani ba."

Ta ce to ai a kan katako take yanka, bari ta kira dai a karɓe. Na ji muryarta tana ƙoƙarin kwantar da kanta, kuma da na yi shiru a nan da ta kira Hussaina a natse, su gaisa, su tambayi yara.

"Ba girkin ba ne, Yaya. Tana jan ta a tafin hannunta, wasan tauri. Ni na koya mata. Yanzu za ta yi wa ƙawayenta."

Wayar ta katse.

Abin da ya rage na hanyar nan ban taɓa jin tsawonsa irin na ranar ba. Ruwa ya sauko sosai, yana shigowa ta gefen tagar yana bin hannun rigata. Ragon da ke bayana yana huro mini numfashi a wuya, ban ko kauce ba. Na kira Yaya, ana magana da layin. Na sake kira, haka. Na uku ya shiga ba ta ɗauka ba. Ba wanda ya ƙara dariya a motar. Matar da ta ce ɗazu ma da gaske nake ta juyo ta ce Allah zai tsare, na ce amin. Baba Isyaku ya yi ta murza babban yatsansa a kan gwiwa. Can ya ce da ya sani ko baki ɗaya ya bar mata. Ban san me yake nufi ba, shi ma ina jin bai sani ba.

Ni kuwa hannun nan nake ta gani, ɗan ƙarami, da ragowar lalle a tsakiya. Na san yadda take yi don ni na gyara mata salon. Na ce mata ɗan tauri na gaske ba ya shafawa, dannawa yake ya ja da sauri.

Da muka shiga tashar Gaya na hango Yaya Ummu tsaye a ƙarƙashin rumfa, hijabinta ya jiƙe har kafaɗa, jaka a hannu. Na gaba suka fara sauka, aka shiga jan buhuna ɗaya bayan ɗaya, masu kaya suna gardamar wanne ne na wa. Ni ina lungu ba damar motsi. Ta zagayo ta tsaya jikin tagata. Na tura gilashin da dukkan ƙarfina, ya ƙi. Na yi mata alama da hannu ina tambaya. Ta kalle ni kawai, ruwa na zuba tsakaninmu, ban iya karanta komai a fuskarta ba. Sai da aka kwance but aka janye raguna ta leƙo ta baya.

Ta ce Hussaina ta shiga ba ko takalmi. Ta tarar da yaran a rumfar tsakar gida, ana buga bokiti, Afra'u a tsakiya ta riga ta ɗora wuƙar. Tsawar da Hussaina ta daka daga bakin zaure ce ta sa ta saki, amma ta fara ja. Ta yanke a gindin babban yatsa. An kai ta kemis, an wanke an naɗe, mai kemis ɗin ya sa ta motsa yatsun duka sun motsa. Ya ce da ta ƙarasa jan, da ba nan za a kawo ta ba.

Na kifa kai a bayan kujerar gabana. Baba Isyaku ya yi hamdala a fili, ya sauka, ya tsaya gaban Yaya kamar zai yi magana, sai ya wuce wajen injinsa.

Na yunƙura zan fito, Yaya ta ce in zauna inda nake, ta riga ta yi magana da direba, wannan motar ce za ta juya Ajingi. Ta shigo ta zauna a wurin da Baba Isyaku ya tashi. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini. Fasinjoji suka fara shigowa suna cike kujerun gabanmu. Ta ce Afra'u a Gaya za ta yi Sallah, yau za ta taho da ita. Na ce Inna fa, ta riga ta ɗinka mata kaya. Ta ce Inna ita za ta yi wa bayani da bakinta, don Inna ba ta saɓa abin da aka yi da ita ba.

"Bappa kuma bai dawo daga kara ba," ta ce. "Bai san komai ba. Kai za ka tare shi a zaure ka gaya masa. Duka, har da taurin."

Na ce to.

Kwandasta ya rufe ƙofa. Direba ya kalle ni ta madubi, ya ɗan jira ko zan ce wani abu game da motarsa, da bai ji ba ya tayar. Muka fita daga tasha muka hau hanyar da na biyo. Na fara haɗa maganar da zan buɗe wa Bappa da ita, in na ɗauko wannan in ajiye in ɗauko waccan, har muka wuce gidajen ƙarshe na Gaya ban samu ko ta farko ba.